Zinariyar Fasasi

Duk unguwar Laranto ta Jos, kai har Titin Bauchi, babu wanda ya san kaji kamar Mista Fasasi. Ba jita-jita ba ce, daga bakinsa muka ji. Babban akawu ne a wani kamfanin kuza, jikan mutanen Ogbomosho, mai alƙaluma jere a aljihu kamar sojoji a fareti. In ya yi gyaran murya a ofis, masinja kan miƙe. In ya yi a gida, shi kaɗai yake ji.

Ilimin kajin nan rana ɗaya ya sauko masa. Baturen kamfani zai koma ƙasarsu, ya raba kayansa. Kuku ya sami tukwane, direba ya sami kwat, Mista Fasasi ya sami jan zakara da fararen kaji masu baƙin wuya. Kuku ya ce don jirgi ba ya ɗaukar kaji ne. Mista Fasasi ya ce amana ce daga Ingila.

"Iya Jelili," ya ce wa matarsa Sikirat, uwar ɗansu Jelili, "dubi zakaran nan da idon basira. Ba irin na kan juji ba ne. Wannan yana da kakanni."

"Baba Jelili, kowane zakara yana da kakanni. Cinye su muka yi."

Ya juya wajen kajinsa. Babban mutum ba ya jayayya da mai riƙe da ludayi.

Abin da ya daɗe yana cin ransa shi ne suna. Mutum irinsa ya kamata ya bar sunansa a kan wani abu, ga shi Turawa sun riga sun kwashe titunan Jos. Da ya ƙura wa jan zakara da fararen kajin ido, sai hanya ta buɗe. Zai haɗa su ya fitar da sabon iri mai gashi ruwan zinariya, ya kai shi nunin kayan gona, a kira shi Zinariyar Fasasi har tashin duniya. Tun kafin a yi ƙwai ɗaya ya sa mai fenti ya rubuta sunan a allo.

Daga nan aiki ya kankama. A binciken Mista Fasasi, kaza abin da ta kalla shi take zubawa a ƙwai. Saboda haka ya ɗauko babbar rigarsa ta Sallah, rawaya mai sheƙi, ya rataye a cikin akurki. Ya haramta wa Sikirat wucewa ta wurin da baƙin zane. Dawa ma ya soke ta, sai jar masara.

"Sayans ke nan," in ji shi ga maƙwabta da suka leƙo. "Ba a koyar da shi a kasuwa."

Unguwa ta naɗa shi Gwamnan Akurki. Ya ji sarautar, ya auna ta, ya ga ba ta yi masa yawa ba.

Ƙwai ya taru, sai fararen kajin suka ƙi kwanci. Gwamna ya bayyana cewa manyan matan Ingila ba sa reno da kansu. Dole aka aro tsohuwar kazar Madam Suzana, maƙwabciyarsu mai sayar da gwaten acha. Al'adar unguwa kuwa sananniya ce: in kazar wani ta kwanta a kan ƙwanka, yana da rabo a 'yan tsaki. Gwamna ya amince, bisa sharaɗin shi zai yi rabon.

Ranar ƙyanƙyasa aka shimfiɗa tabarmi, aka raba goro. 'Yan tsaki sun fito kala biyu. Wasu rawaya tas kamar garin ɗorawa, wasu ruwan ƙasa, dusu-dusu. Mista Fasasi ya hau turmi.

"Jama'ar Laranto! Yau Jos ta shiga tarihi. Waɗannan rawayan da kuke gani, su ne suka fahimci darasi. Waɗancan kuwa," ya nuna masu ruwan ƙasa da bakin alƙalami, "kowane aji da daƙiƙansa. Madam Suzana, kwashe su duka. Ban san rowa ba."

"Duka, Oga?" Suzana ta buɗe bakin zane tana tarawa. "Allah ya ƙara girma. Ni kala bai dame ni ba, kaza ya yi ƙwai kawai."

Aka tafa. Gwamna ya sauko daga turmi a hankali, don tarihi ya gan shi sosai.

Sai 'yan tsaki suka fara girma, abin da ba a yi shawara da shi ba. Rawayan gashin jarirai ya zube, wani ya tsiro fari fat kamar alli.

"Zinariyar tana ciki," in ji Gwamna. "A ƙasa ma sai an tona."

Sai zanko ya fito wa kowannensu, ja wur, tsaye. Sai wata safiya ɗaya ya yi cara, na kusa da shi ya karɓa, akurki ya ɗauka gaba ɗaya.

"Baba Jelili, wace ce za ta yi mana ƙwan a cikinsu?"

"Irin Ingila haka yake. Matansu ma suna da murya."

A ƙetaren zana kuwa, daƙiƙan Suzana sun zama 'yan mata. Gashinsu ya nuna, ja-ja mai ruwan zuma, in rana ta taɓa su sai sun ɗauki ido. Mista Fasasi ya juya kujerarsa ta fuskanci bango. Ya ce iskar can ɓangaren ta fi lafiya.

Ranar nuni ya sa kwat da hular kwano, ya jera kejinsa, ya kafa allonsa a sama: ZINARIYAR FASASI. A ƙarƙashin allon fararen zakaru suna ta dambe. Baturen gona, alƙalin nunin, ya iso da tafintansa Romanus. Ya karanta allo, ya dubi keji, ya sake karanta allo.

"Oga," in ji Romanus, "Bature ya ce ina zinariyar?"

"Gaya masa tana tafe."

"Ya ce to ina matan?"

Mista Fasasi ya yi gyaran murya. Ba wanda ya miƙe.

Da Bature ya ji yadda aka yi haɗin da rabon, ya yi dariya har ya cire tabarau. Romanus ya fassara da ƙarfi, yadda na baya za su amfana: in jan zakara irin wannan ya hau farar kaza irin waccan, mazan kan ɗauko farin uwa, matan su ɗauko jan uba. Wato Oga ya zauna da hannunsa ya tsince maza ɗaya bayan ɗaya, ya kyautar da mata.

"To wa aka ba?" in ji Romanus.

Rabin Laranto suka nuna gindin mangwaro, inda Suzana ke zuba wa mutane gwate, da kajinta a kwando ta kawo ko za a taya. A can aka liƙa jan ƙyallen nasara. Kafin la'asar mata suna layi suna roƙon ƙwan "'yar Suzana".

"Ubansu nawa ne!" Mista Fasasi yana bin taron yana faɗi. "A rubuta! Tsarin nawa ne!"

Ba a rubuta ba. Amma kada a ce Laranto ba ta da adalci, ba ta bar Gwamna hannu wofi ba. Sikirat ta gaji da cara, ta fara kai zakarun kasuwa gab da Kirsimeti, sunan kuwa ya bi su har can, ya kuma zauna. Duk farin zakara, ko daga wane ƙauye aka kawo shi, sunansa ɗaya. Mista Fasasi da kunnensa ya ji, yana wucewa a kan keke, wata mata tana ce wa mai kaji:

"Zaɓo mini Fasasi mai ƙiba. Ka yanka shi nan, ba na son surutu a hanya."