Ranar Kasuwar Garinmu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na zama "ƙwararre" a kan garinmu ba.

Tarihi nake koyarwa a nan Doha. Wata lauya ta nemo ni daga Ingila: an hana wani Lawali mafaka, wai ba a yarda daga garinmu na Zamfara ya gudo ba. Za ta nemi alƙali ya sake duba hukuncin, tana son rahoton wanda ya san wurin. In ƙarar ta faɗi, gida za a mayar da shi. Kaina ya kumbura (shekara sha bakwai rabona da garin, amma wa ya tambaye ni?).

Muka haɗu ta bidiyo, ni daga falona a unguwar Nu'aija, har da babbar riga. Na yi ta yi masa tambayoyi kamar mai ba da jarrabawa, alhali ƙwaɗayin jin sunayen unguwanninmu ne ke cina. Da ya ambaci bakin gulbi, wallahi sai da na ji ƙamshin ƙosan Talata.

"Wace rana kasuwa ke ci?"

"Juma'a."

Na kama ɓarawo! Na juya ga lauya, na zuba Turancin ƙure ƙarya: mutumin nan bai san garin ba, ko jinjiri ya san Talata ce.

Ashe yana jin Turanci. "Malam," ya ce a hankali, "tun da 'yan bindiga suka fara tare hanya aka mayar da ita bayan sallar Juma'a, don mutane su yi kasada sau ɗaya a mako. Kai ɗan gidan wa ne?"

Na faɗa masa.

"Allahu Akbar! Jikan Liman? Ai da ni aka haƙa kabarin kawunka. An yi ta cigiyarka."

Lauya ta ce in fassara mata. Na fassara, kowace kalma, zufa na keto mini duk da sanyin na'ura.

Na buga waya gida, na tabbatar, na rubuta rahoton. Alƙali ya ce a sake duba maganar Lawali. Tun daga nan in an ce mini ƙwararre sai in sunkuyar da kai. Ashe da a ce mu biyun aka tantance, ni ne ba zan iya tabbatar da cewa ɗan garin ba ne.