Gwaggo Ta Rasu Wajen Sauya Fuska

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, kunya kuma ta ɗora mata nata kayan, Baba Mai Tarkace yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, da duk makanikin da ya taɓa kwanciya a ƙarƙashinta, rasuwar motarsa wadda yara da manya suka sani da Gwaggo. Ta rasu da rana tsaka, a tsakiyar titi, a idon jama'a. Injinta bai daina aiki ba har bayan da rai ya yi halinsa, sai da mai gidanta ya miƙa hannu ya murɗa makulli da kansa. Don haka kada kowa ya ce zuciya ce ta kashe ta. Zuciyarta lafiya lau take.

Babu wanda ya san shekarun marigayiya. Da furfurarta ta zo gidan, kuma ta girmi duk 'ya'yan da aka haifa a cikinsa. Mai haƙuri ce, ba ta taɓa wuce wata mota a hanya ba, ko keke ta gani gabanta sai ta bi shi a baya cikin ladabi. Da safe takan gaishe da mai gidanta da tari, ƙurr-ƙurr-ƙurr, ta yi shiru kamar mai tunani, sannan ta ce tuf, ta kama. Hon ɗinta irin kukan agwagwar da mura ta kama ne, faaf, bai taɓa firgita kowa ba, sai dai a waiwayo a yi murmushi a ba ta hanya.

Amma babban alherinta shi ne gajarta. Ƙasa-ƙasa take, ƙofarta da faɗi, kujerarta kamar bakin gado. Inna, mai ɗakin Baba, ta daɗe tana fama da gwiwoyi. Matakalar bas ta fi ƙarfinta, babur kuwa ba a ma zancensa, masu tasi kuma kafin ta ɗaga ƙafa ɗaya sun fara danna hon. Gwaggo ce kaɗai take jiran ta ta juya baya, ta zauna, ta ɗauko ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya da hannu ta shigar. Duk mako ita ke kai Inna can ƙarshen gari wurin yayarta, tsohuwar da idonta ya rufe, wadda ba ta yarda kowa a duniya ya yanke mata farce sai ƙanwarta. Aikin marigayiya ke nan a ƙarshen rayuwarta, kuma ba ta taɓa fashi ba.

Ciwon ajalinta ya fara ne daga ƙarfen da ke zagaye da gilashin gaba, wanda makanikai ke kira firam. Tsatsa ce ta kama shi a kusurwar ƙasa, kuma da yake ƙaddara ba ta da kunya, ta ɓangaren Inna. In ana ruwa sai ya riƙa ɗiga a cinyarta. Mai gidan ya yi jinya iyakar saninsa. Ya cusa sabulu, ya liƙa robar tsohuwar tayar keke, ya shafa kwalta har hannunsa ya yi mako bai fita ba. Daga baya gilashin ya fara rawa a mazauninsa, kaf-kaf-kaf, in ya danna ƙarfen da yatsa sai ya marmashe kamar busasshen burodi.

Ya shiga shagunan kayan mota ɗaya bayan ɗaya yana neman sabon firam. Wani mai shago ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Baba, masu irin wannan motar sun mutu, masu gyara ta ma sun bi su. Kai kaɗai aka manta." Ya yi dariya tare da su don kada a ce tsoho ya ji haushi, ya fita. Daga nan ya koma filin da ake jibge matattun motoci, wata kan wata, ciyawa na fitowa ta fitilunsu.

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin Baba Mai Tarkace ya san rauninsa. Akwai agogon da ke tafiya da baya, da fanka mai fiffike ɗaya, da makullan da ƙofofinsu suka ɓace tun kafin a haife shi. Abu in ya yi daban da sauran abubuwa, to ya gama da shi. A wannan fili, a goshin wata matacciyar motar kaya da kaji suka mayar gidan ƙwai, ya ga firam ɗin da bai taɓa ganin irinsa ba. Gilashi biyu ne, da sanda a tsakaninsu, kowanne yana buɗewa ta gaba kamar tagar ɗaki. Kowace taga tana da ɗan hannun murɗawa na tagulla, an ƙera shi da siffar kan tsuntsu, har da ido. Ya murɗa ɗaya, tagar ta ɗaga a hankali ba ko ƙara. Nan take ya ga Inna zaune a gaba, iska na kaɗa bakin mayafinta, mutanen titi suna nuna su da yatsa. Bai auna ba. Ko igiyar awon da ya zo da ita a aljihu bai tuna da ita ba. Ya biya, ya ɗauka sai wurin mai walda.

Mai walda ya ɗora firam ɗin a fuskar Gwaggo, ya ja da baya ya karkata kai.

"Baba, ya fi ta faɗi da tafin hannu. Sai mu rage shi ta gefe da gefe."

"In ka rage shi, ina tsuntsayen za su?"

"Su tafi. Tagogin ma sai a like su, a yanko gilashi ɗaya."

"A'a, ɗana. Shi ba za a taɓa shi ba. Ita za a buɗa."

Mai walda ya ture tabaran aikinsa zuwa goshi. "Yau na ga wanda hula ta yi wa yawa ya ce a ƙara masa kai. Baba, waɗannan ƙarafa biyu na gefen gilashi su ke ɗauke da rufin nan. Tsohuwa ce, in na yanka su ban san me zai biyo baya ba."

"Ka yanka, ka buɗa, ka ƙara ƙarfe. Ni na ce."

Ana roƙon jama'a kada kowa ya ɗora wa mai walda laifi, ko ya daina kai masa aiki. Ya faɗi gaskiya, ya kuma maimaita, sannan ya bi maganar babba. Mai gidan ne ya tsaya a gefenta, hannunsa a kan madubinta, lokacin da injin yanka ya shiga ƙarfen. Ta yi wata ƙara mai tsawo, iiiii, wadda bai taɓa jin ta yi ba duk zamansu. Ya ji, ya kuma gane, amma idonsa na kan tsuntsayen tagulla da aka jingine a bango.

Da aka gama ta yi kyau, wannan kam ba za a ɓoye ba. Ta fito da manyan idanu kamar wadda aka ba labarin mamaki. Ƙofar Inna ta ɗan fara cijewa, sai an ɗaga ta kafin ta rufu. Ya lura da haka, ya ce wa kansa sabon aiki ne, zai zauna.

Ranar zuwa wurin yaya ta zo. Inna ta shiga da 'yar jakarta mai abin yankan farce da man shafawa. Da suka hau babban titi ya miƙa hannu ya murɗa mata tsuntsunta, tagar ta ɗaga, iska ta shigo ta cika motar. Inna ta dafe mayafi ta yi dariya, irin wadda ya daɗe bai ji ba. Ta ce, "Malam, kai dai ba ka girma." Daɗin wannan magana ya sa ya taka mai fiye da yadda ya saba, bai ga tudun rage gudun da ke gaban makaranta ba sai da suka hau shi.

Gwaggo ta ce ƙas. Sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Rufin ya sauko a hankali ta gaba kamar mai sunkuyar da kai, har ya taɓa hularsa. Bayanta ya lotsa, ƙofofin duka suka cije. Shi ya samu ya zame ta tagar gefe, da yake ba shi da jiki. Inna kuwa babu hanyar fitarta sai ta sabuwar tagar gaba. Masu shaguna suka taru, aka kwance gilashin ɓangarenta, wasu mata masu wucewa suka kare ta da mayafansu, aka jawo ta a kwance ta kan bonet, murfin injin, da gwiwoyin nan da ba sa lanƙwasuwa. Matar da ko muryarta maƙwabta ba su cika ji ba. Duk da wannan, abin da ta ce kawai shi ne, "Malam, riƙe mini takalmina." Ya tsaya a bakin titi da takalman mata a hannu, injin na ta bugawa a bayansa, sai da wani ya taɓa shi ya ce, "Baba, kashe ta mana."

Mai walda ya zo ya duba, ya leƙa ƙarƙashi, ya goge hannu a wando. Ya ce ƙashin bayanta ya karye, babu waldar da za ta tashe ta. Bai ce ai na faɗa ba. Allah ya saka masa da alheri.

Inna ma ba ta ga laifinsa ba. Da ta zage shi, da ta kira 'ya'ya a waya ta kai ƙararsa, da ya samu sauƙi. Tana zaune da gwiwa a kumbure, ya kawo mata ruwan zafi, ta dube shi ta ce, "Iskar dai ta yi daɗi." 

Marigayiya ta bar safayar taya ɗaya da ta yi sanƙo, da jak mai gardama, da batir da har yanzu yake da sauran ƙarfi. Ta bar tabon baƙin mai a ƙarƙashin rumfa, wanda Inna ta hana a share. Ta kuma bar firam ɗin, ko ƙwarzane bai yi ba. Yana ɗakin mai gidan, a bayan ƙofa, an juya fuskarsa bango. Ya yi niyyar jefar da shi ya kasa, kuma ba zai yi wa jama'a ƙarya ba, yakan wuce ya ɗan murɗa tsuntsun.

Daga ƙarshen gari kuma saƙo ya zo. Farcen yaya ya yi tsawo har yana kama bargo. Jikarta ta zo da abin yanka, tsohuwar ta cusa hannuwa a hammata ta ce tana jiran ƙanwarta.

Za a raka marigayiya ranar Asabar da hantsi. Motar janwe za ta ɗauke ta daga ƙofar gida zuwa wurin mai sayen tsohon ƙarfe. Ba za a yi mata salla ba, ƙarfe ce, amma wanda ya taɓa tura ta da safe yana da hakkin ya sa hannu a wannan turin na ƙarshe. An roƙi mai sikeli kada ya faɗi nauyinta a gaban iyali. Za a karɓi gaisuwa a ƙarƙashin rumfa. Masu zuwa kada su kawo wa mai gidan wani abin mamaki don su faranta masa rai, ya ƙoshi.

Wanda kuma Allah ya hore wa mota mai ƙasa-ƙasa, mai faɗin ƙofa, kuma yake da haƙurin jiran tsohuwa ta shigar da ƙafafunta, ana roƙonsa ya zo da ita, ya zo da wuri. Akwai wadda za a kai ƙarshen gari. Baba Mai Tarkace zai nuna hanya daga kujerar baya, hannuwansa a kan cinya, ba zai taɓa komai ba.