Ɓarayi Shida a Gonar Kaltume

Allah ya yi wa ƙauyenmu baiwar da ya hana Bici da Bagwai: Injiniya Abdulkabir, wanda muke wa kirari da Ido-a-Sama. Ya taɓa sayar da shayi a bakin filin jirgi, saboda haka babu abin da ya shige masa duhu a harkar sararin samaniya. Shi ya faɗa mana. Mu kuma ba mu da gardama.

Da kaka ta gabato, wani abu ya fara cin waken Kaltume. Mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, gonar ke nan tilo. A da, karɓa-karɓa muke yi mu tsare mata. Injiniya ya ce wannan aikin mutanen da ne. Ya kafa sanduna biyu a gefen gonar, kowace da akwati mai aiki da hasken rana.

"Wannan ita ce rada," in ji shi, yana gyara tabarau. "Da kanta take gano ɓarawo, ta bi shi sau da ƙafa. Ku dai ku zauna, ilimi zai yi aiki."

Zama kuwa ba a koya mana shi. Muka baje a gindin tsamiya muna leƙen wayarsa. Sai ga ɗigo biyu suna motsi.

"Ɓarayi biyu!" in ji shi.

Ya ƙara sanduna biyu, ɓarayi suka zama huɗu. Ya sake ƙarawa, suka zama shida. Kowace sanda da ɓarawonta, amma duk yawan gemun da ke gindin tsamiyar nan babu wanda ya lura da haka.

"Ku dubi horo!" in ji Injiniya. "Ɗaya ya juya, duk su juya. Waɗannan sun sha atisaye. Kada wanda ya kusanci gonar ya ɓata mini lissafi."

Wallahi mun ji daɗin wannan doka. Kaltume ta zo ta durƙusa, ta ce, "Malamai, don Allah ko mutum ɗaya ya leƙa mini." Muka ba ta haƙuri, muka nuna mata ɗigon.

Wata rana da hantsi ɗigon suka daina motsi. Injiniya ya ce ya yi musu ƙawanya. Muka ɗauki gora da adda muka nufi gona, shi yana ba da umarni daga can baya.

Babu wake, babu ganyensa. Akuya ce guda ɗaya tal a kwance tana tuƙa, ciki kamar tulu. Kunya ta kama ni.

Injiniya ya dubi waya, ya dubi akuya, ya yi gyaran murya. "Alhamdu lillahi, mun kama shugabarsu. Sauran biyar sun tsere."

Kaltume ta sunkuya ta tsinci ɓawon wake guda, ta juya shi a hannu. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Sannunku da aiki," ta ce.

Mu kuma, Allah ya shirye mu, muka haɗa baki muka ce, "Yauwa."