Karen Ruwan Mai Girma Ya Zama Ɓera

Yau da safe bas ɗin da na shiga zuwa asibiti ta maƙale a bakin gada har lokacin ganin likitana ya wuce. Na leƙa ta taga, sai ga ma'aikata sun kafa tsani a jikin gunkin karen ruwan nan na shataletale. Ɗaya na kankare masa jela, ɗaya na shafa wa haƙoransa jan fenti. Direba ya tambaya, suka ce umarni ne daga sama. Ni da na san mafarin zancen, na koma na dafe gwiwata mai ciwo.

Bara ne babban mutumin garinmu, wanda zan kira Mai Girma Uban Rafi don a zauna lafiya, ya gama shafe rafinmu da siminti, ya tara 'yan jarida ya nuna musu hoton wani baƙin abu yana iyo cikin hazo. Ya ce karen ruwa ne ya dawo, kuma karen ruwa ba ya zama sai inda ruwa ke da tsabta. Muka tafa. Aka kafa gunki, aka buga fuskar dabbar a jikin bas da ledar shara, aka sa ranar biki a kaka, aka kuma hana ɗana tarko a gaɓar rafi.

Maƙwabcina Bong Man-su gonar kabejinsa a gaɓar take. Wani abu ya dinga cinye masa ita ta tsakiya, ga lokacin haɗa kimci, wato kabejin da muke tsumawa da yaji a tulu, na ƙaratowa. Ya kai kuka ofis, suka ce karen ruwa kifi yake ci, sai dai ya bincika maƙwabtansa. Ya dawo ya tsaya a ƙofata yana sosa ƙeya.

"Yaya, ba zarginka nake ba," in ji shi, "amma na ga tulunan kimcinku sun ƙaru."

Na ce ya shigo ya buɗe su. Bai shigo ba, amma gaisuwarmu ta yi sanyi har tsawon damina.

To, shi mai nasara ba ya ƙin shaida. Mai Girma da kansa ya saya wa makarantar sakandarenmu na'ura, don yara su tabbatar wa duniya abin da ya riga ya faɗa. Malamar kimiyya, Pyo Eun-sil, ta fara koya musu karanta abin da ake kira DNA, wato tambarin da kowace halitta ke ɗauke da shi a jikinta. A ɗebo ruwa, ko gashi, ko fiffiken ƙwaro, a karanta tambarin, a gwada shi da na sauran halittu da aka tara a intanet, sai sunan mai shi ya fito. Ta ce aikin ba na ɗalibai kaɗai ba ne, duk ɗan gari na iya sa hannu. Jikata Da-som ta ja ni, na tsinci kaina da safar roba ina riƙe kwalba a bakin rafi. Kwalbata ta farko ɗan Adam ta nuna, don na yi atishawa a kanta. Yara suka yi mini dariya son ransu.

Suka ɗebi ruwa sama da ƙasan gada, suka tsinci gashi a wayar shingen Man-su. Amsa ta fito, babu karen ruwa ko ƙanƙani. Wani ƙaton ɓeran ruwa ne mai jajayen haƙora, irin wanda aka shigo da shi tun da daɗewa don fatarsa, ya kuɓuce ya bazu. Malama ta sa aka sake, aka kuma sakewa, ta aika wa wata makaranta su ma su gwada. Ɓera dai, ɓera. Ashe kama da wane ba wane ba ne. Shekara guda muna sara wa ɓera, muna ba shi gadi kyauta yana cin kabejin talaka.

Kafin a ce me, wani mai baƙar kwat daga ofishin Mai Girma ya zo ya sha shayi da shugaban makaranta. Ya ba da shawara, cikin ladabi, a ce na'urar yara abin wasa ce, a jira ƙwararru. Malama Pyo ta sunkuya ta gode masa, sannan ta shaida masa cewa tuni yara suka ɗora sakamakon a shafin intanet da kowa ke ɗora nasa, kamar yadda ofishinsu ya buƙata tun farko. Ranar nan aka soke jawabin da Da-som za ta yi a biki, wanda ta yi ta haddacewa a gaban madubi. Ta dawo gida ko shinkafa ba ta taɓa ba.

"Kaka, su fa suka ce mu duba," ta ce. "In ba sa son amsa, me ya sa suka tambaya?"

Na ɓare mata lemo kawai.

Kada ku raina manya, jama'a. Abin da babba ya hango a zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ranar biki Mai Girma ya hau dandamali bayan makaɗa sun tsagaita, ya sanar cewa hangen nesansa ne ya bankaɗo mamayar ɓeraye, domin ai shi ya sayo na'urar. Nan take ya ƙaddamar da Kwamitin Yaƙi da Ɓera, da motoci da riguna. Gunkin kuwa ba za a yar ba, za a gyara shi ya zama gargaɗi. Wa ya ce ba su iya tattali ba? Muka sake tafawa, hannun namu ya saba.

An ɗage dokar tarko, bayan an cinye gonar. Bana matar Man-su a kasuwa ta sayi kabeji, ta rufe shi da mayafi kada 'yan unguwa su gani. Malama Pyo an ba ta takardar yabo cikin gilashi, tare da canjin wurin aiki zuwa wani tsibiri da jirgin ruwa ke zuwa in ya ga dama. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Na'urar tana kulle a sito ana nazari a kanta. Amma Da-som da ƙawayenta ba su daina ba, duk Asabar suna bakin rafi da kwalabe, suna aika wa malamarsu ta gidan waya.

Man-su ya zo da kwalbar giyar shinkafa ya ba ni haƙuri, muka zauna a dakali. Can ya rage murya ya ce ya san wanzamin da ke yi wa Mai Girma aski, ko za a samo gashi ɗaya yaran su gwada mana. Na kira Da-som na tambaye ta. Ta ce ba sai an wahala ba, ɗan Adam kawai zai nuna, daidai da ni da shi. Kun ga ke nan ita ma kimiyyar akwai inda ƙarfinta ya ƙare.