Katin Gyaran Rediyo

"Lafiya ƙalau, in ban da ganin ka," Kaka ta amsa wa ƙanena, tana ci gaba da shafa man zafi a gwiwa. Ni ina gefe ina ninke mata kaya. Ƙanen nan nawa malamin Turanci ne, Dogo muke ce masa, kuma bai taɓa shiga ɗakin nan bai buɗe mata kwano ba sai ranar. Ya zauna bakin gado jiki a sanyaye.

"Tsohuwa, rakiya na zo nema."

"Rakiya? Miji ba cefane, ba sabulu, sai tsawo kamar falwaya! Je ka nemi amaryar da kake min barazana da ita."

"Ita da haƙoranta, ba mai jin tausayinta. Ke kuwa ana ganin ki an yafe min."

"Ungo naka! Bakin nan ya ci naman da ubanka bai taɓa gani ba. Me ka ɓata?"

Sai ya kwashe ya faɗa mata. Wasan kacici-kacici yake yi wa ɗalibansa. Ya raba aji biyu, yaro ya ja kati mai jimlar Turanci, shi kuma ya ce "jiya!" ko "gobe!", yaron ya juya jimlar zuwa wannan lokacin. In ya kuskure a kaɗa masa ƙararrawa, ɗaya ɓangaren ya yi shewa.

"Au, ashe don wasa gwamnati... ko wa ma yake biyan ka? Allah wadaran aikin nan."

"Katunan daga bakinsu na rubuta tun farkon zango, kowa da sana'ar ubansa. Wata yarinya ta ja nata: babana yana gyaran rediyo. Na ce jiya. Ta karanta shi yadda yake. Na kaɗa ƙararrawa, na sake cewa jiya, ta sake faɗin sa haka nan. Aji ya kaure da ihu."

"Daƙiƙiya ce, irin malaminta."

"Ita ce ta ɗaya, Kaka. Uban ne ya rasu watan jiya. Har gaisuwa na je. Wallahi wasan ne ya ɗauke min hankali, na manta."

Ni kam haushi ya kama ni, kamar in kwaɗa masa zanen da ke hannuna. Amma da na dubi idonsa sai tausayi ya danne haushin.

"Tun ranar ba ta dawo ba," ya ce. "Uwar ta aiko cewa ta cire ta, ga jarrabawa ta matso. Ni kaɗai ba zan iya tunkarar gidan ba."

"Magana zarar bunu, malamin banza. Ka yi ɓarna da Turanci, ni in gyara da Hausa?"

"Amfanin tsohuwar mata kenan. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne."

"Yau ka san ni mace ce? Kai, saurara. Kakanka ya daɗe a ƙasa, tun kana yawo ba wando. Har yau in kun cika min ɗaki 'Malam ba ya son hayaniya' nake cewa. Zo ka kaɗa min ƙararrawar taka in ka haifu!"

"Ai gudu ya yi, ya gaji da mita, ya bar ni da kaya."

"Jira na yake, ɗan nema. Kai ne za ka koma gwauro."

Dogo ya sunkuyar da kai. Kaka ta dube shi, ta yi 'yar dariya, ta rufe kwalbar man.

"Ke, miƙo min mayafina. Kai kuma in mun je ka tsaya a ƙofa, ka ɗinke bakin nan. Ni zan zauna da yarinyar ta ba ni labarin ubanta, ta faɗe shi duk yadda ta ga dama. In ta gama, sai mu ga ko tana son ganin fuskarka."

"Na gode, uwargida."

"Riƙe godiyarka. Kama ni in tashi, raggon miji."