Nasiha Daga Bayan Shagon Shayi

Ba zan taɓa mantawa da walimar ƙanwata Zainabu ba, kuma ko na so in manta, matan Gyaɗi-Gyaɗi ba za su bar ni ba.

Bari in fara tona wa kaina asiri: ni mace ce mai maƙo. Ni dai tattali nake ce masa, amma maigidana ya ce ya daɗe da sanin sunansa na gaskiya. Ma'aikaciyar jinya ce ni, ina aure a Tarauni cikin Kano, kuma bara wurin aikinmu suka tura ni kwas na mako uku a Alƙahira. Fitata waje ta farko ke nan. Sai da aka gama shirin tafiya tsaf, dangin ango suka matso da bikin Zainabu, ya faɗo tsakiyar kwas ɗin.

Abin ya yi min ciwo ƙwarai. Tun rasuwar mahaifiyarmu ni na riƙe yarinyar nan. Ranar da zan tafi ta kama bakin mayafina tana hawaye, ta ce, "Yaya, ko ta waya ce, ke nake so ki yi min nasiha ranar walima. Ba ni da wata uwa sai ke." Na yi mata alkawari, na ce ko ana ruwan duwatsu sai ta ga fuskata.

Wata abokiyar aikina da ta saba fita ta ja min kunne tun kafin in tashi. "Kada ki kuskura ki bar datar layinki na gida a kunne a can, kafin ki farga sun kwashe kuɗin wayar tas. Kina sauka filin jirgi ki sayi layin ƙasar, ba shi da tsada." Rabin farko na shawarar na karɓa hannu bibbiyu. Rabi na biyu kuwa, da na ji akwai "ki sayi" a ciki, sai kunnena ya toshe. A kan me zan sayi layi, bayan an ce intanet ɗin waifai kyauta ne a ko'ina?

Ashe na masaukinmu suna kawai ya tara. Saƙon da ka tura da hantsi sai bayan azahar yake isa Kano. Kwana biyu ina fama, sai na gano wani shagon shayi a ƙarshen layinmu. Na shiga na sayi kofi ɗaya, suka ba ni rasit ɗauke da lambar sirrin waifai ɗinsu. Da zan koma na bi ta lungun bayan shagon, inda suke ajiye kwandunan shara, sai na ga wayata tana nan a haɗe, ƙarfi ma har ya fi na ciki. Wallahi farin cikin da na yi a lungun nan kamar an yi min ƙarin girma.

Daga ranar lungun ya zama ofishina. Kullum aka tashi daga aji sai in je in jingina da bango ƙarƙashin tagar kicin ɗinsu, in gaisa da kowa, har in riƙa tura wa abokiyar aikin nan tawa saƙo ina yi mata dariyar kuɗin da take ɓarnatarwa a kan layi.

Ranar walima na ci ado da ankon biki, na kafa ɗauri, na sa turare (wanda ba mai jinsa ta waya, amma dai). Za ku ce me ya hana in shiga in sayi shayi ko na wannan rana ɗaya ne? Tambayar da nake yi wa kaina ke nan har yau. Har na kama ƙofar shagon, sai zuciyata ta ce ai a bayan ma ya fi kamawa.

A can gida kuwa an taru a tsakar gidan Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, a Gyaɗi-Gyaɗi. An haɗa wayar da ƙatuwar talabijin da lasifika, dangin ango suna sahun gaba, ga Malamar da aka gayyato wa'azi riƙe da makirfo. Na kanga wayar dab da fuskata don kada a ga bayana.

Gwaggo ta leƙo ta ce, "'Yar nan, ina ne nan kike?"

Na ce, "Masaukinmu ne, Gwaggo."

Na gyara murya na fara. Kuma abin ya yi daɗi, don har ina jin ana "haka ne, haka ne". Na zo daidai inda nake cewa, "Zainabu, ki zama mai wadatar zuci, abin da ba naki ba kada ki ɗora ido a kansa," sai ƙofar bayan shagon ta buɗe. Wani dattijo ya fito, kujera a hannu ɗaya, kofin shayi a ɗayan, ya nufo ni yana zuba Larabci da ƙarfi. Na daburce, yatsana ya taɓa inda bai kamata ba, kyamara ta juya. Mutanen walima suka ga kwandunan shara, da mage tana lasar gwangwani, da dattijo da kujerarsa.

Hankalin Gwaggo ya tashi. "Malama, me mutumin nan yake cewa? Ko wani abu ne ya same ta?"

Malama kuwa, Allah ya saka mata, ba ta rage ko harafi ba. Ta cikin makirfo ta ce, "Cewa yake: baiwar Allah, kwana goma ke nan ina ganinki ta taga kina tsaye a bayan shagona kina jan waifai. Yau na ga kin ci ado, na san akwai sha'ani. Ki zauna ki yi shi a mutunce, shayin ma na yafe miki."

Sai wata daga dangin ango ta kasa riƙe dariya, daga nan kuma sai kowa. Kunya ta rufe ni har cikin ƙashi. Na kai hannu zan kashe wayar, sai fuskar Zainabu ta cika allon, tana dariya tana share hawaye da gefen lulluɓinta.

"Yaya, kada ki kashe. Ki zauna ki ƙarasa min."

Na zauna a kujerar bawan Allah. Duk jawabin da na haddace ya gudu, sai na gaya mata abin da mahaifiyarmu ta gaya min ranar da za a kai ni ɗakina: ta riƙe sallah, ta riƙe sirrin gidanta, kuma in abu ya yi mata nauyi ta tuna tana da gida. Na yi kuka, ta yi kuka. Dattijon bai ji ko kalma ɗaya ba, amma yana tsaye yana ta "amin".

Washegari na je na sayi layin. Bai ko kai abin da nake ba mai kitso ba, sai da na sake tambayar mai sayar da layin ko ya yi kuskure.

To ga shawarata ga duk mai shirin fita waje: ka kashe datar gida, ka daure ka sayi layin can tun a filin jirgi. In kuwa halinka irin nawa ne ba za ka iya ba, to ka fara tabbatarwa babu mai jin Larabci a wurin walimar.