Hassan, Usaini da Gambo a Fim Ɗaya

A shekarar da fetur ya gagari talaka, ni ne gwanin fassara fim a ƙauyenmu, duk da Turancina bai wuce na gaisuwa ba. Mai tura fina-finai a kasuwar Ɗambatta ya zuba min sabon fim na faɗa. Ban ko duba ba, na tsiyaye man injin ban-ruwana na ɗura wa janareta, na tara maƙwabta a zaure.

Ana farawa, mota ta kama da wuta da jarumin a ciki. Na yi salati, na sanar da rasuwarsa. Sai ga shi a kan babur.

Na ce, "Hassan ne ya rasu, wannan Usaini ne."

Aka harbe Usaini, ya ɓullo a jirgi. Na ce Gambo ne.

Baba Sale maƙwabcina ya gyara zama. "Malam, wai su nawa uwarsu ta haifa?"

Ina cikin lissafin dangi, sai talabijin ta yi baƙi. Ashe tallan fim ne, fim ɗin ma bai fito ba.

Albasata ta sha ƙishirwa. Har yau in akuya ta haifi biyu a unguwarmu, sai an aiko a tambaye ni ko a jira Gambo.